Kura da Shan Bugu: Wa Zai Ja Gaba a Tseren Mita 10,000?

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin wasannin motsa jiki da ya daɗe da ajiye alli. Ba ya shiga gardamar 'yan majalisa a kan ƙwallon Turai, amma idan ana gasar guje-guje ta duniya, ko da tsakar dare ne za ka tarar da fitilar ɗakinsa a kunne. Ranar Lahadi 14 ga Satumba, 2025, bayan sallar la'asar, na same shi a kan tabarmarsa ta ƙofar gida ransa a ɓace. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ƙanena, ka kuwa ga abin da yaran nan suka yi yau a Tokyo? Wannan tsere ne ko rakiyar amarya?"

Abin da ya ɓata masa rai shi ne tseren mita 10,000 na maza a gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle, wato zagaye 25 a fili mai tsawon mita 400. Gwanayen duniya sun yi ta tafiya a dunƙule kamar garken tumaki, kowa na kallon ƙeyar ɗan'uwansa, har aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe suna cincirindo. Daga nan ne aka zabura. Yomif Kejelcha na Habasha ya fito gaba, ya riga ya hango layi, sai wani Bafaranshe mai suna Jimmy Gressier ya zo ya wuce shi a takun ƙarshe. Gressier ya gama a minti 28 da sakan 55.77, Kejelcha a minti 28 da sakan 55.83, Andreas Almgren na Suwidin ya zo na uku.

Hujjar Malam mai ƙarfi ce. Kejelcha ne ya kafa tarihin duniya a rabin gudun fanfalaki a birnin Valencia a watan Oktoban 2024, inda ya cinye kilomita 21 da 'yan kai cikin minti 57 da sakan 30. "Mai irin wannan huhu," in ji Malam, "me ya kai shi jiran zagayen ƙarshe tare da masu ƙafar barewa? Ai da ya ja su tun daga farko, da sun yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya."

Ban ce komai ba a ranar, domin ba a ja da malami a ƙofar gidansa. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai, kuma tunda na san yana karanta wannan fili, bari in ba shi amsa a nan. Malam, Allah Ya ƙara maka lafiya, rabin maganarka gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa an riga an gwada shi a gaban idonmu, shekara guda kafin Tokyo.

Ranar 2 ga Agusta, 2024, a gasar Olamfik ta birnin Faris, Habashawa uku, Kejelcha da Selemon Barega da Berihu Aregawi, sun yi daidai abin da Malam yake so. Tun da farkon tseren suka karɓi gaba, wannan ya ja, ya gaji ya ba wancan, suna gudu kusan sakan 64 a kowane zagaye. An yi gudun da ba a taɓa yin irinsa a Olamfik ba, har mutum goma sha uku suka gama ƙasa da minti 27 da sakan 1.17, wato tarihin da Kenenisa Bekele ya kafa a Beijing a 2008. To amma wa ya ci? Joshua Cheptegei na Yuganda, wanda ya shafe mafi yawan tseren yana laɓe a tsakiyar ayari kamar ba ya nan. Sai da ya rage zagaye ɗaya da wani abu ya fito, ya kama gaba, bai sake waiwaye ba, ya gama a minti 26 da sakan 43.14. Aregawi ya ƙwaci azurfa da ƙyar daga hannun Grant Fisher na Amurka. Kejelcha ya zo na shida, Barega na bakwai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda ya zo na goma sha uku a wannan dare shi ne Gressier ɗin nan. Ga mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, huhu ɗaya: a tseren da aka yi da sauri ya zama na goma sha uku, a wanda aka yi a hankali, da bambancin fiye da minti biyu, ya zama zakaran duniya. Wannan ya goyi bayan Malam. Sai dai Kejelcha zai iya cewa, na ja gaba a Faris na tashi a tutar babu, na jira a Tokyo na samu azurfa. Da wace hujja za a ce masa ya yi kuskure?

Mai kallo a talabijin ba ya ganin harajin da na gaba yake biya. Na farko shi ne iska. Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota a kan babur ya san yadda tafiya take sauƙi idan wani ya keta maka iska. Wani masanin aikin jiki ɗan Ingila, Griffith Pugh, ya auna wannan tun 1971, ya nuna cewa mai gudu dab da bayan wani yana ƙona ƙarfi ƙasa da na gabansa, alhali saurinsu ɗaya. Ribar ba ta da yawa a taku guda, amma zagaye 25 ake yi. Haraji na biyu na ƙwaƙwalwa ne. Na gaba shi ke lissafin sauri, shi ke tunanin ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kuma ba ya ganin kowa. Na baya ba shi da aiki sai kallon riga.

Na san wannan da jikina, ko da yake a ƙaramin mataki. Muna aji huɗu a sakandare aka sa ni gudun mita 5,000 a gasar gidajen kwanan ɗalibai, a filin ƙura da aka shata da farar ƙasa. Ina ji da kaina a lokacin. Na fita da gudu, 'yan gidanmu na ihu suna kiran sunana, na yi zagaye goma ina gaba. Duk tsawon wannan lokaci akwai wani siririn yaro ɗan ƙauye manne da bayana. Ban ga fuskarsa ba, numfashinsa kawai nake ji, kuma numfashin ba ya sauyawa. Idan na ƙara sauri ya ƙara, idan na sassauta ya sassauta. Wallahi numfashin nan ya fi gudun gajiyar da ni. Da ya rage zagaye ɗaya ya zame ta gefena ya wuce, wasu biyu suka bi shi, na ƙare na huɗu ina haki. Har yau idan na ga ɗan tsere yana waiwaye a kan kwana, na san abin da ke cin zuciyarsa.

Wannan baƙin ciki na a bi ka a baya kamar inuwa ya taɓa fusata manya. A gasar matasa ta duniya a Seoul a 1992, Josephat Machuka na Kenya ya ja tseren mita 10,000, da Haile Gebrselassie ya zo wuce shi dab da layi sai ya ɗirka masa naushi a ƙeya. An ƙwace azurfarsa saboda haka. Shekara guda bayan nan a Stuttgart, Haile ɗin dai ya manne wa Moses Tanui har ya taka masa dunduniyar takalmi. Tanui ya yi wurgi da takalmin cikin fushi, ya ƙarasa da ƙafa ɗaya ba takalmi, Haile ya wuce shi ya ci.

Kada kuma a ɗauka zaman baya kyauta ne. Faɗin kowane layi a fili mita 1.22 ne, kuma wanda ya yi zagaye guda cur a layi na biyu ya ƙara wa kansa kimanin mita bakwai. Wanda ya maƙale a layin ciki don gudun wannan asara kuma, yana iya samun kansa a cikin keji: mutum a gaba, mutum a gefe, mutum a baya, a zabura yana kallo. Ga tuntuɓe, ga ƙusoshin takalma da ke yankar ƙwauri. Saboda haka wurin da kowa ke so shi ne kafaɗar na gaba, kuma mutum ɗaya kaɗai yake ɗauka.

Wani abin da ke ruɗar da mu masu kallo shi ne lokutan da muke karantawa a gaban sunayen 'yan tsere. Kafa tarihi sana'a ce daban, cin lambar zinare ma sana'a ce daban. A daren da Cheptegei ya kafa tarihin duniya na mita 10,000, minti 26 da sakan 11.00, a Valencia ranar 7 ga Oktoba, 2020, an zaɓi wuri da lokaci mai sanyi, an ɗauko masu ja masa gaba da ake biya don su keta masa iska su fita a tsakiyar hanya, waɗanda Turawa ke wa laƙabi da zomaye, sannan aka jera fitilu a bakin layi suna tafiya da ainihin saurin da ake buƙata. Ba ya bukatar tunani, ba wanda yake tsoro a bayansa. Ban raina wannan gudu ba, zagaye 25 a matsakaicin ƙasa da sakan 63 kowanne ba wasan yara ba ne. Amma a gasar Olamfik da ta duniya babu zomo, babu fitila, kuma ba kai ke zaɓen yanayi ba. Ron Clarke na Ostireliya ya kafa tarihin duniya har sau 17 a shekarun 1960, ya mutu bai taɓa cin zinaren Olamfik ba. Tagulla ɗaya ya samu, a Tokyo a 1964. Emil Zatopek, wanda ya ci zinare uku a Helsinki a 1952, shi ne ya ji tausayinsa ya ba shi kyautar ɗaya daga cikin nasa.

Kishiyar Clarke shi ne Mo Farah na Birtaniya. Bai taɓa riƙe tarihin duniya na mita 5,000 ko 10,000 ba, amma daga 2011 zuwa 2017 ya tara zinare goma a waɗannan tsere biyu tsakanin Olamfik da gasar duniya. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce, ko yaro ya haddace ta: ya zauna a baya, ya matso a hankali, ya kama layin ciki idan ya rage zagaye ɗaya ko biyu, duk wanda ya zo wucewa ya ƙara sauri kaɗan ya bar shi yana cin kwana ta waje. Shekara da shekaru masu sharhi suna cewa abin da Malam ya faɗa, ku ja shi da sauri tun farko ku zare masa ƙafafu. A Beijing a 2015 'yan Kenya uku, Geoffrey Kamworor da Paul Tanui da Bedan Karoki, suka haɗa kai suka yi hakan. Farah ya bi su, ya wuce su, ya ci a minti 27 da sakan 1.13. A Landan a 2017 aka ƙara wuta, Cheptegei na cikin masu hurawa, Farah ya sake ci a minti 26 da sakan 49.51. A Rio a 2016 har faɗuwa ya yi a tsakiyar tsere, ya tashi ya ci.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, zaburar ƙarshe ba ƙafa ce kawai ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kusan duk wanda ya kai wannan mataki zai iya gudun zagaye guda cikin sakan 53 ko 54 idan ya tashi daga hutu. Tambayar ita ce, wa zai iya yin sa bayan zagaye 24? Wanda ya iso ƙararrawa da sauran guzuri a jikinsa shi ke zabura, wanda ya iso ta a ƙarshen ƙarfinsa kuwa ko da ya fi kowa sauri a atisaye, ƙafafunsa za su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Wannan guzuri ana tara shi ne a watannin da ba mai kallo: gudun kilomita 160 zuwa 200 a mako, a kan tuddai irin su Iten na Kenya da ke sama da teku da kimanin mita 2,400, ko Bekoji na Habasha da ya fi haka, inda ƙarancin iskar shaƙa ke tilasta wa jiki ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Farah ya gagari 'yan Kenya ne saboda saurin da zai karya shi, su ma zai karya su kafin shi.

Dole in faɗi wani abu a nan, ko da ba daɗi. A wasan da guzurin jini ke yanke hukunci, jarabar ƙara shi ta haramtacciyar hanya ba ta ƙarewa. An dakatar da Alberto Salazar, wanda ya horar da Farah shekaru da dama, a 2019 saboda karya dokokin hana amfani da magungunan ƙara kuzari, ko da yake Farah kansa ba a taɓa kama shi da komai ba. An dakatar da Rhonex Kipruto na Kenya, wanda ya zo na uku a mita 10,000 a Doha a 2019, saboda abin da aka gani a bayanan jininsa. Mai son wannan wasa yana tafi ne da hannu ɗaya a kan ƙirji.

To, yaushe jan gaba yake biya? Tarihi yana da misalai, kuma su ne irin tseren da Malam ke ƙauna. A Melbourne a 1956, Vladimir Kuts na Tarayyar Sobiyet ya yi ta fizga yana sassautawa, ya fizga ya sassauta, har ya wargaza Gordon Pirie na Birtaniya da ya manne masa, Pirie ya ƙare na takwas. A Seoul a 1988, John Ngugi na Kenya ya tsere wa ayarin mita 5,000 tun da sauran tafiya mai nisa, ba a sake kama shi ba. Mafi ban mamaki a zamaninmu ita ce Almaz Ayana ta Habasha a Rio ranar 12 ga Agusta, 2016. Alice Aprot ta Kenya ta ja rabin farko da gudun fitar rai, Almaz ta karɓa ta ƙara a kai, ta gama a minti 29 da sakan 17.45, ta rushe tarihin da Wang Junxia ta Sin ta kafa tun 1993 da fiye da sakan 14. Sai dai a duba sharaɗin: a waɗannan ranaku, wanda ya tafi ya fi sauran ƙarfi da tazara mai faɗi. Mako guda bayan haka Almaz ta sake gwada wannan dabara a mita 5,000. Ta ba da rata, kowa ya ɗauka an gama, sai ƙarfinta ya ƙare, Vivian Cheruiyot da Hellen Obiri suka kamo ta suka wuce. Dabara ɗaya, mace ɗaya, kwana bakwai tsakani. Abin da ya sauya shi ne abin da ya rage a jikinta. Ita kuwa Aprot da ta share wa kowa hanya a tseren farko, ta huɗu ta zo, ko tagulla ba ta samu ba.

Babu wanda ya sha wannan ɗaci kamar Paul Tergat, kuma labarinsa nake so Malam ya tuna. Tergat ya ci gasar duniya ta gudun ƙetare daji sau biyar a jere, daga 1995 zuwa 1999. Ya riƙe tarihin duniya na mita 10,000 a 1997. Ba rago ba ne, ba kuma maras dabara ba. Allah dai Ya haɗa shi zamani da Haile Gebrselassie. A Atlanta a 1996 ya bi shawarar masu cewa a tafi da wuri: 'yan'uwansa suka ja masa, shi kuma ya fizga tun saura kilomita biyu, da irin gudun da ya watsar da kowa. Kowa ban da Haile, wanda ya bi shi taku da taku a kan fili mai taurin da ya fasa masa tafin ƙafa, ya wuce shi a zagayen ƙarshe. A gasar duniya ta 1997 da ta 1999, azurfa dai bayan Haile. Da aka zo Sydney a 2000, Haile na fama da ciwon agara, Tergat ya sauya salo baki ɗaya. Ya yi haƙuri, ya jira, ya ƙi motsi har sai da ya rage kimanin mita 250, sannan ya riga Haile zabura. Na kalli wannan mita ɗari ta ƙarshe ban san adadi ba. Dogo da gajere kafaɗa da kafaɗa, Tergat na gaba da kaɗan, Haile na cin tazarar da ɗan yatsa ɗan yatsa, haƙora a waje, har suka faɗa layi tare. Haile minti 27 da sakan 18.20, Tergat minti 27 da sakan 18.29. Bayan kilomita goma, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai wadda ta raba na ɗaya da na biyu a tseren mita 100 na wannan gasa ba. Tergat ya gwada tafiya da wuri, ya gwada jira, duka biyun ya yi su daidai, kuma duka biyun azurfa suka ba shi. Wa zai zauna a kan tabarma ya ce masa ga abin da ya kamata ya yi?

Akwai kuma batun da ba a cika faɗa ba, wato wa zai sadaukar da kansa. Ana cewa 'yan ƙasa ɗaya su haɗa kai, amma lambar yabo ba a raba ta uku. A Tokyo a 2021 Stephen Kissa na Yuganda ya fita da gudu shi kaɗai don ya ja tseren saboda Cheptegei da Jacob Kiplimo, ayari ya ƙyale shi ya yi ta gudunsa, daga baya ya fice, Barega ya ci zinare. A gasar duniya ta 2025 ladan na ɗaya dala 70,000 ne, na biyu 35,000, na uku 22,000, ban da abin da kamfanonin takalma ke ƙarawa a kwantiragi. Ga saurayin da dangi guda ke jiran abin da ƙafarsa za ta kawo, cewa ya ƙona kansa don ɗan wani gari ya ci ba ƙaramar magana ba ce. Ina zargin wannan na cikin abin da ya sa Kenya, da duk tarin gwanayenta, ba ta sake cin zinaren Olamfik na maza a mita 10,000 ba tun na Naftali Temu a 1968, a gasar duniya kuma tun na Charles Kamathi a 2001.

Yanzu bari in koma inda Malam yake da gaskiya. Tazarar da 'yan Gabashin Afirka suka saba dogara da ita ta ragu. Turawa da Amurkawa su ma suna kwana a kan tuddai, a Font-Romeu da St. Moritz da Flagstaff, wasu ma a Iten ɗin kanta, ga sababbin takalma da suka sauƙaƙa wa kowa gajiyar ƙafa. Jakob Ingebrigtsen na Norway ya ci mita 5,000 a gasar duniya ta 2022 da 2023 da Olamfik ta 2024, Cole Hocker na Amurka ya ci ta 2025, kuma dukansu 'yan tseren mita 1,500 ne da suka ƙara wa kansu huhu. Wanda ya kai irin waɗannan mutane ƙararrawa suna da sauran numfashi, ya miƙa musu wuƙa da nama. A nan ne nake ganin laifin Kejelcha da sauran masu huhu a Tokyo. Ban ce su ja tun daga zagayen farko ba, zafi da gumin Tokyo a watan Satumba ba za su bari ba, kuma Faris ta nuna ƙarshen hakan. Amma tsakanin zagayen farko da ƙararrawa akwai fili mai yawa. Bekele a mita 5,000 a Beijing a 2008 ya bar 'yan'uwansa suka ja rabin farko, sannan ya karɓa tun da sauran zagaye da dama, yana ƙara wuta a kowane zagaye, har ya isa ƙararrawa babu mai sauran abin zabura, Eliud Kipchoge ma azurfa ya samu. Doguwar matsa irin wannan, daga saura zagaye shida ko biyar, ita ce makamin mai huhu. Tana rage kwanakin shan iska, tana kuma zare ƙafafun masu jira.

Sai dai tana da farashi, shi ya sa ba a cika ganinta ba. Wanda ya tafi a wannan wuri ya ajiye azurfar da ke hannunsa a kan faifai. In ta yi kyau zinare, in ta ɓaci sai ya ga mutum biyar sun wuce shi a miƙen ƙarshe kamar yadda aka yi mini a filin ƙura. Cheptegei kansa ya taɓa ɗanɗana wannan a gaban mutanensa a Kampala a 2017, a gasar duniya ta gudun ƙetare daji: ya ba da rata mai yawa, filin na ta ihu, sai jikinsa ya ƙi a zagayen ƙarshe, ya ƙarasa yana tangaɗi a matsayi na 30. Ina ganin wannan rana ce ta koya masa haƙurin da ya nuna a Faris. Kejelcha ya zaɓi ya riƙe abin da ke hannunsa, ya rasa zinare da kashi shida cikin ɗari na sakan guda. Ni da zan so ya tafi. Amma ni ba ni zan koma Addis Ababa hannu rabbana ba idan abin ya ƙi.

Gasar duniya ta gaba a Beijing za a yi ta a 2027, Olamfik kuma a Los Angeles a 2028. Na riga na gaya wa Malam cewa in Allah Ya kai mu, a ɗakinsa zan kalla, shayi a wuyana. Na roƙe shi abu ɗaya: idan allo ya nuna saura zagaye shida, ya daina kallon agogo, mu dubi wanda ya matso kafaɗar na gaba, mu ga ko zai wuce ko zai sake komawa layi. Ya ce ya ji, amma in aka sake rakiyar amarya shi kashe talabijin ɗinsa zai yi.